Kumburin Bayan Gwiwar Sylvanus

Ƙarfe goma na safiyar Talata aka kawo rahoto caji ofis cewa an kashe mutum a wani gidan haya da ke bayan tsohuwar masaƙa a Kakuri. Mai rahoton ma ya rage wa hukuma wahala, domin ya taho da mai laifin a gaba.

Sunansa Nicholas, ƙanen mamacin, dogo, cikin farar riga da ta sha guga. Wadda ya tuso kuwa Naomi ce, matar mamacin, zaninta sharkaf da jini.

"Ita ta sare shi, Oga. Kullum cikin faɗa suke."

"Ƙarya ne!" in ji Naomi. "Doya na kai bakin titi, na dawo na tarar da Sylvanus a kwance. Rungume shi na yi."

Insifekta Zakariyya'u Maude ya ajiye shayinsa. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, abin da ya tara bai wuce tumbi da hawan jini ba. Ya sa aka shigar da Naomi bayan kanta. Babban ofisa ya ce gobe da safe za a tura ta hedikwata da takardar kisan kai, sai fa in an samu wani abin daban.

Insifekta ya ɗauki yaransa suka nufi gidan. Ɗakin ciki ɗaya ne. Tun daga ƙofa ƙarni ya tare su, ƙudaje kuwa har sun riga hukuma fara bincike. Saje Rhoda, wadda ta fi shekara goma tana bin sa, ta toshe hanci da hularta.

Sylvanus, direban Keke Napep, yana kwance rub da ciki a tabarma, filo a ƙarƙashin ƙirjinsa, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe tsaf har cinya. Rauni ɗaya ne, ɗan ƙarami, a bayan gwiwa. Amma jini ya yi tsartuwa a bango har ya taɓa kalandar coci.

"Saje, in za ki kashe mijinki, ina za ki nufa?"

"Wuya, Yallaɓai. Na daɗe da yin wannan lissafin."

"To wannan kwanciya ta yanka ce ko ta jiran magani?"

Da suka koma ofis Naomi ta ce wata biyu ke nan wani kumburi ya fito wa mijinta a wurin. Tafin ƙafar ya mutu, ko ƙusa ya taka ba ya ji, taka birki ma ya fara gagararsa. Jiya ya je wurin wani wanzami a Makera.

Nicholas ya ce shi bai san da wani kumburi ba. Rabonsa da gidan sati uku, yau ma wucewa ya zo yi ya ji kuka.

A ɗakin ajiye gawa Dokta Scholastica ta buɗe wurin ta kira Insifekta ya matso. Ya matso taku ɗaya, ya tsaya.

"Ba maruru ba ne, Insifekta. Ka ga wannan? Babbar jijiyar jini ce, wadda ke sauko da jini daga zuciya zuwa ƙafa. Bangonta ya yi rauni, ta kumbura kamar tsohon tub na taya. Wannan farar igiyar da ke gefenta kuma jijiyar ji ce, ita ke kai saƙo tafin ƙafa. Kumburin ya danne ta, shi ya sa ƙafar ta mutu."

"Wanda ya tsaga fa?"

"Da wuƙar tiyata ya yi, har aidin ya shafa, ɗan tsafta. Kuma ya ɗaure ƙafar da roba, ga shatin nan. A ƙasan raunin."

"Laifi ne?"

"Famfo ya fashe, ka bar wajen tanki ka je ka toshe bakin tiyo? Da ya ɗaure a cinya, ko ya danne wurin da ƙarfi ya yi ihu, da watakila yanzu mutumin nan yana sama a gado yana zagin abincinmu."

A Makera suka sami Baba Tanko wanzami a gindin dalbejiya yana wa wani tsoho ƙaho. Insifekta ya kau da kai daga gudajin jinin da ake zazzagewa a ƙasa.

"Ban san wani Silbanus ba," in ji Baba Tanko.

"Baba, mutumin ya mutu, matarsa na bayan kanta. Ko in kai ka ka taya ta zama?"

Tsohon ya ajiye ƙahon. "Ya zo. Sakiya yake so in yi masa. Na ɗora yatsa, na ji abu na bugawa dal-dal kamar na kama ɗan tsako. Ubana ya gaya mini, kumburin da ke bugawa ba na wanzami ba ne, ko sarki ya kawo. Na ce ya tafi babban asibiti. Ya yi mini dariya, wai tsufa ya sa ni tsoro, ƙanensa likita ne, gobe da safe zai fashe masa."

"To me ya sa ka ce ba ka san shi ba?"

"Ranka ya daɗe, kaki na gani."

Kafin la'asar Saje Rhoda ta zagayo Trikania, unguwar su Nicholas, ta dawo da tarihin likitan. Shekara goma sha ɗaya Nicholas ya yi yana tura gadon marasa lafiya a wani asibitin kuɗi. Tun da aka sallame shi unguwa ke kiransa Dokta, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Insifekta ya sa aka ba shi kujera mai kyau.

"Ashe Dokta ne kai ba ka faɗa ba? Taimaka wa jahili. Matar nan, da ta so ceton mijinta bayan ta sare shi, ina ya kamata ta ɗaure?"

Nicholas ya gyara zama. "Simple, Oga. Ƙasan ciwon. Jinin ƙafa daga ƙasa yake hawowa zuwa zuciya, sai ka tare shi a hanya. Ba kowa ya san wannan ba."

"Gaskiya ba kowa ba. A duk Kaduna mutum biyu na samu: kai, da wanda ya ɗaure ƙafar yayanka. Wanzamin Makera kuma ya ce yau da safe ka yi alƙawarin fashe masa kumburin."

Saje Rhoda ta ajiye ankwa a tebur a hankali.

"Mugunya na zata za ta fito," in ji Nicholas. "Ina tsagawa jini ya feso mini a fuska, har cikin baki. Na ɗaure, ya ƙi tsayawa. Na ƙara ɗaurewa."

"Sai ka yi ihu maƙwabta suka zo."

"Da sun zo, Oga... kowa Dokta yake ce mini."

"Sai ka yi me?"

"Na kwance robar na kwashe kayana. Na ja masa ƙofa."

"Yana da rai?"

"Yana cewa, Nico, kar ka tafi, sanyi nake ji."

Ya je gida ya yi wanka, ya goge riga, ya dawo ya ga Naomi rungume da gawa, sai ya ga mafita. Insifekta ya rubuta duka. Ya sha ganin 'yan fashi da suka fi wannan kunya.

Saje ta sa wa Nicholas ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Oga, wajen sana'a, a sa ma'aikacin lafiya."

Insifekta ya rubuta mai tura gado, ya ja layi a ƙasa.

Aka fito da Naomi. Ta saurari bayanin a tsaye, ta bi Nicholas da kallo har aka rufe shi a inda ta fito. Insifekta ya ce ta tafi gida, hukuma ba ta da sauran magana da ita.

Ba ta motsa ba.

"Oga, uwarsu na hanya daga Pankshin, tana zuwa ne ta tsine mini. Su biyu kaɗai ta haifa. Kai za ka gaya mata, ko ni?"

Insifekta Maude ya dubi Saje Rhoda. Saje ta dubi bango.

Ya jawo hularsa. "Wace tasha motar ke tsayawa?"