Ƙugiyar da Dakta Nomau Ya Manta

Na'urar tono mai suna Mahaƙa na ta gurnani a ƙarƙashin birnin Sabuwar Rima, tana ratsa dutse da haƙoranta na ƙarfe, tana turo abin da ta samo ta wani bututu zuwa zauren bincike. Dakta Nomau, masanin halittun da suka shuɗe, yana tsaye bakin bututun baki har kunne.

Burinsa ɗaya ne a duniya. Tun zamanin da mutane ke tono da diga da buroshi, wanda duk ya gano sabon dinoso, wato ƙatuwar dabbar zamanin da, da sunansa ake kiran dabbar. Shi ma so yake sunan Nomau ya shiga littafin 'yan makaranta. Mahaƙa za ta tono, sannan na'ura ta biyu, Maidau, ta mayar da abin da ya zama dutse yadda yake ranar da ya faɗi ƙasa.

Injiniya Kulu, wadda ta ƙera na'urorin, ta ɗauki wani dunƙule ta jujjuya. "Dakta, wannan wane irin ƙashi ne, a murɗe haka?"

"Shi ne sabon abin ai! Ba a taɓa ganin irinsa ba."

"Mu ɗan gwada guda tukuna mana."

Ina! Mutumin naku ya riga ya gayyaci Magajiyar Gari da 'yan jarida, har ya ɗinka sabuwar riga. Ya sa aka loda dunƙulen duka cikin Maidau, tuli ya kusa taɓa rufi.

Ranar buki zaure ya cika maƙil. Nomau ya yi bismilla ya danna maɓalli. Duwatsun suka yi laushi, suka yi duhu, suka fara tururi. Sai wari ya taso. Wayyo Allah, wari! Na shekara miliyoyi, amma sabo fil kamar yanzu aka sauke shi.

Magajiya ta toshe hanci da mayafi. "Dakta, ina dabbar?"

"Ranki ya daɗe, da alama... ta wuce ta nan."

Kulu ta duba umarnin da aka ba Mahaƙa, ta dafe kai. Nomau ya rubuta shi ne da gaggawa, yadda kowa ke yi a waya, bai sa wa harafin ƙa ƙugiyarsa ba. Mutum zai gane ƙashin dinoso ake nufi. Na'ura kuwa ba ruwanta da abin da kake nufi: kashi aka ce, kashi ta kawo. Kwarangwal ɗin da ta riƙa cin karo da su duk ta niƙe su don ta samu hanya.

Ga shi Sabuwar Rima a rufe take da rumfar gilashi, iska ɗaya ake juyawa gida-gida. Kafin la'asar har mai jego a ƙarshen gari ta san Dakta Nomau ya yi bincike. Kunya ta hana shi fita, ya rame, ya yi baƙi.

Masana daga ƙasashe suka zo da takunkumi, suka tabbatar ba a taɓa samun tuli mai girman wannan ba, dole a ba shi suna. Bisa al'ada, aka ba shi na wanda ya gano shi.

Da sabon littafin firamare ya fito, Nomau ya buɗe. Ga hoton tulin, ga suna da manyan baƙi: KASHIN NOMAU. Ya kira maɗaba'a ya tambaya ko kuskure ne.

"A'a, Dakta," in ji mai gyaran rubutu. "Mun duba sosai. Daidai yake."