Mai Jiran Canji a Ramin Kuza

Ku matso kusa. Kai Mato, in wasa da tocila za ka yi, tashi ka ba mu wuri. Wannan ba labarin dariya ba ne.

Kun san tafkin nan na bayan Barikin Tsamiya, mai koren ruwa? Ramin kuza ne, hannun mutane ya haƙa shi. Zamanin yaƙin Turawa aka riƙa kwaso maza daga ƙauyuka, ɗiban gwamna ake cewa. A ɗora wa mutum kwano ya yi ta jidar ƙasa daga gindin rami, wata huɗu cur, ba sallama sai wani ya zo daga ƙasarsu ya canje shi. Sanyi ya kashe na kashewa, rami ya rufta da na ruftawa. Kamfani ya kwashe kuza ya yi gaba abinsa. Ko cike ramukan ba su yi ba, azzalumai.

To, akwai wani Barau, manomin rani, dankali yake yi a bakin tafkin. Matarsa ta haifi 'ya mace, kwana shida ke nan, washegari suna. Ya ce bari ya ba shuka ruwan kwana biyu, tunda gobe ba zai samu fitowa ba. Abokan noma duk suka tashi suka bar shi. Rana tsaka ce fa.

Injin ban ruwa ya mutu haka kawai. Tsuntsaye suka yi tsit.

Sai ya ji tari a bayansa.

Wani siririn dattijo ne ke hawowa daga gangaren tafkin. Buhu ya huda ya sa a madadin riga. Kwano a kansa, cike da jar ƙasa. Rana na ƙuna, amma haƙoransa kaf-kaf suke yi don sanyi.

Barau ya ce, "Sannu da aiki, baba."

"Yauwa. Samari, kama mini."

Kun san yadda aka rene mu. Babba ya ce kama mini kaya, wa zai tsaya tambaya? Barau ya kai hannu biyu. Wayyo! Kwanon ya zame ya zauna a kansa daram, kamar an auna. Nauyi ya danna shi, ƙafafunsa suka nutse cikin busasshiyar ƙasa har idon sawu.

A nan ya dubi ƙafafun dattijon. Babu yatsu. Laka ce zalla, tana narkewa tana sake haɗuwa.

Dattijon ya ce, "Mutumin ina ne kai?"

"Nan aka haife ni. Kakana ne ya zo daga ƙasar Rano."

"Rano! Alhamdu lillahi, canjina ya iso. Kun daɗe. Wallahi kun daɗe."

Ƙafafun Barau suka juya da kansu, suka nufi ruwa. Ya so ya jefar da kwanon, hannu ya ƙi. Ya so ya yi addu'a, harshe ya yi nauyi. Ruwa ya kai gwiwa. Ruwa ya kai ƙugu.

"Baba, don Allah! Gobe sunan 'yata!"

"Ni ma goyo na baro. Wata huɗu ne, ka daure. Naka canjin zai zo."

"Babu mai zuwa, baba! Kamfani ya tashi tun ubana na yaro. Babu Bature, babu helma mai tsare lebura, babu kowa."

Ƙafafun suka tsaya. Ruwa a ƙirji.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

"Ba su sallame mu ba?"

"Ba su sallami kowa ba."

"An dai kai labari gida?"

Barau kuka kawai yake yi, rabi don kansa, rabi don bawan Allahn nan.

Dattijon ya daɗe yana kallon tsibin jar ƙasar da 'yan ɗiban gwamna suka tara, wadda ko ciyawa ba ta fitowa a kai. Sannan ya shigo ruwan, ya sa hannu ya ɗauke kwanon, ya mayar kansa. Barau ya ji ƙashin wuyan tsohon ya yi ƙara.

"In babu mai canjinka, ba zan ɗora maka ba. An yi mini, na san ɗacinsa. Je ka raɗa wa 'yarka suna."

Barau ya fito da rarrafe. Da ya kai tudu ya waiga, kuma da bai waiga ba da ya fi masa. Kwanuka ne ke tasowa daga cikin ruwan, a jere, tun daga wannan gaɓa har waccan. Ƙarƙashin kowane kwano idanu biyu, duk shi suke kallo.

Aka yi suna lafiya. Amma Barau bai sake taka gonar nan ba, dankalin a ƙasa ya ruɓe. Malamai sun ce aljanun wurin ne suka ari kamannin mutanen. Oho, ni dai ban sani ba.

Abin da na sani, kada ɗayanku ya kuskura ya bi bakin tafkin nan shi kaɗai. Don maganar ƙarshe da dattijon ya yi wa Barau, ruwa na rufe bakinsa, ita ce:

"Ni na ji, na haƙura. Su waɗancan har yanzu jira suke."