Rakiyar Hamman

Ana gobe za mu baro Kwatano, bayan sallar La'asar, Hamman ya ce lalle sai ya ga teku da idonsa kafin ya koma Haɗeja.

Mu uku muka yi tafiyar, domin halartar walimar wani tsohon ɗalibina da ke zaune a can: ni, da Abdulmannan mai fataucin shinkafa, da Hamman, wanda ya tsufa yana sayar da bandar kifi a bakin kogin garinmu. Tun ƙuruciya muke tare. Duk wanda ya san Hamman ya san shi da ɗabi'a guda: ba ya barin baƙo ya tafi shi kaɗai. In ka ziyarce shi sai ya taka maka, kuma ba ya juyawa har sai ka ce da bakinka, "Koma haka nan, na sallame ka." A wurinsa, juyawa kafin wannan kalma zubar da mutunci ne.

"Bafulatani da neman teku," in ji Abdulmannan a hanya. "Shanu za ka shayar?"

"Babarbare," in ji Hamman, "kai dai riƙe kifin nan da amana. Na ga yatsunka suna motsi."

Gasasshen kifi muka saya, muka yi nesa da jama'a, muka zauna a gindin itatuwan kwakwa. Iskar tana da ɗumi da danshi, tana ɗauke da ƙarni da ɗanɗanon gishiri. Igiyar ruwa takan taso da ƙugi kamar aradu daga nesa, ta fashe a kan yashi, ta ja da baya tana huci. Hamman ya daɗe yana kallo.

"Subhanallahi," ya ce. "Malam, wannan kogin ba shi da tsallake."

Rana ta yi ja. Na ce mu gaggauta mu tashi, domin almuru lokaci ne da aka hore mu da tsare kai a cikinsa, balle a wurin da ba mu sani ba.

Ban ga zuwan mutumin ba. Ɗaga kai kawai na yi, na gan shi tsaye a kanmu. Dogo ne, cikin farar riga, kansa a naɗe. Bai yi sallama ba.

"Bismillah," in ji Hamman, ya tura masa kifin, kamar yadda zai yi a ƙofar gidansa.

Da jin kalmar, mutumin ya ɗan ja da baya. Sa'an nan ya tsuguna a gefe. Bai miƙa hannu ba.

"Mutanen Haɗeja," ya ce. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda rabona da ita tun daga bakin kakata. "Ruwanku yana nan?"

"Yana nan, alhamdu lillahi," in ji Hamman cikin murna. "Ashe ka san wajen namu?"

"Ruwa duk ya san juna."

A nan na lura da rigarsa. A bushe take daga wuya har gwiwa, amma bakinta yana ɗiga. Ɗigon bai tsaya ba.

Ya miƙe. "Zan koma gida."

Hamman ya jawo takalminsa. "Bari in taka maka."

"Hamman," na ce a hankali, "zauna."

"Haba, Malam. Mutum ya zo ya gaishe mu a ƙasar da ba mu da kowa? Yanzu zan dawo."

Na ɗauka hanyar gari za su nufa. Sai suka miƙe wajen ruwa.

Abdulmannan ya damƙi hannuna.

"Malam," ya raɗa, "dubi yashi."

Na duba. Mutum biyu ke tafiya. Sawu na mutum ɗaya ne.

Sa'an nan teku ya yi shiru.

Igiyar tana tasowa, tana fashewa, ina ganin farin kumfarta, amma babu sauti. Ganyen kwakwa ya daina motsi. Bugun zuciyata kaɗai nake ji.

Ruwa ya kai idon sawun Hamman. Yana tafe hannayensa a baya, kansa a sunkuye, yadda yake yi kullum in yana rakiya.

Ya kai gwiwarsa.

"Hamman!" Abdulmannan ya ƙwala kira. "Kai, Bafulatani! Dawo!"

Bai waiwayo ba. Ba a sallame shi ba.

Ya kai ƙirjinsa.

Abdulmannan ya jefar da hula ya auka cikin ruwan. Ni kuwa na buɗe baki in karanta abin da na haddace tun ina yaro, na tarar da harshena ya yi nauyi kamar dutse. Abin da na karantar shekara da shekaru, ko harafi ɗaya bai zo ba.

Na dubi yamma. Rana ta faɗi. Magariba ta shiga.

Na sa yatsu a kunne, na ɗaga murya da kiran salla. Wannan karon muryar ta fita.

Ƙugin teku ya dawo gaba ɗaya, kamar an buɗe ƙofa.

Abdulmannan ya cafko wuyan rigar Hamman. Mutumin ya juyo. Fuskarsa ba ta tsaya a siffa guda ba. Tana kaɗawa kamar inuwa a cikin randa. Yana can nesa, amma maganarsa a gindin kunnena ta sauka.

"Ban sallame shi ba."

Igiya ta rufe wurin. Da ta janye, babu kowa.

Muka ja Hamman zuwa tudu yana tari, yana amayar da ruwa. Da ya sami numfashi, sai ya dube mu da idon wanda aka yi wa laifi.

"Don me kuka janye ni? Ya ce gidan ya kusa."

Mun dawo Haɗeja lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Amma Hamman ya bar rakiya. Daga zaune yake sallamar baƙo, har wasu suna cewa tafiya ta sa masa girman kai. Ya bar wa 'ya'yansa cinikin bakin kogi. Kowace Magariba kuma, ko ni ko Abdulmannan, ɗayanmu yakan je ƙofar gidansa ya riƙe hannunsa zuwa masallaci, domin in an bar shi, ƙafafunsa kogi suke nufa, shi kuwa bai sani ba.

Daminar bara, ranar da kogi ya cika ya malale fadama, muka idar da Magariba muka fito. Ba a yi ruwan sama ba a ranar. Takalman jama'a duk a bushe suke, sai na Hamman kaɗai, cike da ruwa har baki.

Na tsoma yatsa na kai harshena.

Gishiri ne.

Hamman ya juya fuskarsa wajen kogi.

"Malam," ya ce a hankali, "ya biyo sawu. Yana jira in ƙarasa."

Na ƙara damƙe hannunsa. Har yau ban sake shi ba.