Hoton da Aka Kulle wa Baba

Ranar Talata Mama ta dawo daga asibiti tana ta murmushi. Likita ya ba ta hoton jaririn da ke cikinta. Baba kuwa yana can wani gari mai nisa, wurin aikin gada.

"Auta, zo ki tura wa babanki," in ji Mama. "Shi kaɗai fa. Ba na so kowa ya ji tukuna."

Akwai wata manhaja da Yaya ya sa musu a waya. Ita ce ke kulle hoto kafin a tura shi. Auta ta sa hoton a ciki, Mama ta zaɓi kalmar sirri.

Sai ƙawayen Auta suka ƙwala mata kira daga waje, sun kawo igiyar tsalle. Ta danna da sauri, ta fice a guje.

Ba ta yi tsalle goma ba Mama ta leƙo.

"Auta! Me ya sa Goggo take tambayata abin da na tura mata?"

Auta ta duba wayar. Ashe zauren hirar dangi ta tura wa, mai mutum arba'in da biyu! Ga Goggo a ciki, wadda magana ba ta kwana a bakinta.

"Mama, ni ce. Ban duba sunan ba," ta faɗa tana hawaye.

Yaya ya karɓi wayar ya duba, sai ya yi dariya.

"Kin ba wani kalmar sirrin?"

"A'a."

"To share hawayenki. Akwati kika kai musu, makulli yana hannun Mama. Ko masu manhajar ba sa ganin abin da ke ciki."

Can sai ga saƙon Goggo: "Ni dai abin nan ya ƙi buɗuwa. Ko wayata ce ta tsufa?"

Mama ta sauke ajiyar zuciya, har ta zauna a kujera. Yaya ya goge hoton daga zauren. Auta ta kira Goggo da kanta ta ba ta haƙuri. Ranar kuma ba ta koma wasa ba.

Da ta sake turawa, sau biyu ta karanta sunan Baba. Mama ta kira shi, ta gaya masa kalmar da baki. Daga tsakar ɗaki suka ji yana ta hamdala.

Mama ta jawo Auta jikinta.

"Yau kulle ya cece mu. Amma sirrin wani amana ne. Kafin ki danna, ki duba wa za ki tura wa."

"Na ji, Mama. Sauri ya haifi nawa."