Ruwan da Na Zuba a Bayan Mu'ayyad

Ranar Laraba ce, la'asar sakaliya, Tanuf ya aiko a ce mini injin ban ruwan gonarsa ya ƙi tashi. Tanuf shi ne mai gidan da muke haya a Hadibu, babban garin tsibirin Sukutra, dattijo ne ɗan asalin tsibirin, ba a ce masa sai gobe. Na ɗauki jakar sifanu da sauran kayan gyara, na hau babur ɗin yayana Mu'ayyad. Kwana goma sha tara ke nan da muka binne shi.

Ni ban iya ba da labari ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma Mu'ayyad ne mai baki a cikinmu. Zan dai faɗa yadda ya zo mini.

Mu 'yan Basra ne. Shekara uku da suka wuce muka zo tsibirin nan gyaran injin kwale-kwale. Gidan Tanuf ɗaki shida ne kewaye da tsakar gida, kuma duk baƙi ne a ciki. Akwai Ammu Shahata, mutumin Masar mai gidan burodi. Ammu kawu ke nan, haka muke kiran duk wani babba. Akwai Ustaz Babikir, ɗan Sudan da ke koyar da lissafi. Sauran masu fenti ne daga Ta'iz. Kowace magariba tire ɗaya muke kewayewa, shinkafa da kifi, jiya kamar yau, kowa yana yabon abincin garinsu yana cin na garin wasu.

Ranar da muka bar gida, Yumma, mahaifiyarmu, ta zuba ruwa a bayanmu daga bakin ƙofa, yadda ake yi wa matafiyi don ya dawo. Sannan ta naɗe ɗan tulun a tsumma ta tura cikin jakata.

"Can ba ku da uwa," in ji ta. "Duk wanda zai yi tafiya, ɗayan ya zuba masa."

Haka muka riƙe. Duk lokacin da Mu'ayyad zai tsallaka teku zuwa birnin Mukalla sayo kayan inji, sai in bi shi da tulu. Yakan juyo yana dariya, ya kira ni da sunan tsokanar da ya laƙa mini: "A ƙasa aka ce, Mai Kunne, ba a wandona ba."

Sai lokacin iska ya zo. Wata huɗu takan yi tana kaɗawa, a ja kwale-kwale tudu, jiragen ruwa su daina zuwa, mutum ya gaji da jin ƙarar tun yana tsaki har ya daina. A irin wannan iskar ce kwanon rufin wani shago ya ɓalle, ya sami Mu'ayyad a wuya yana dawowa daga sayen sigari. Ko asibiti bai kai ba.

Ni da Ustaz muka yi masa wanka. Daren nan ban runtsa ba. Da aka ɗaga makara aka fita da ita ta ƙofar gida, wallahi ban yi tunanin komai ba. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na ga bayan yayana zai bar gida, na ɗauki tulu, na zuba.

Ammu Shahata ya cafke mini wuyan hannu, amma ruwa ya riga ya taɓa ƙasa.

"Me ka yi, ɗan nan?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Wa kake so ya dawo?"

Tun daga ranar dokin ƙofarmu bai bushe ba. Iskar da ke busar da riga kafin ka gama shanya ta biyu, ta kasa busar da wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Awakin Hadibu kuwa, waɗanda ke cin kwali, su ci takardun jarrabawar Ustaz, su shiga har ɗaki, suka daina zuwa ƙofarmu. Sai su tsaya a tsallaken lungu suna kallo.

Ga wani laifin kuma. Ban gaya wa Yumma ba. Duk kiran da ta yi sai in ce, "Ya je Mukalla, Yumma, iska ta tare shi. Zai dawo." Kullum in ce gobe zan faɗa, gobe ta zo in ji bakina ya yi nauyi.

To, ranar Larabar, gyaran bai ɗauke ni lokaci ba, datti ne ya toshe hanyar mai. Injin ya tashi, ruwa ya fara bin gindin dabino. Ina wanke hannu Tanuf ya dubi rana, ta kusa taɓa dutse.

"Zauna a yi magariba tukuna."

"Na gaji, Ammu. So nake in kwanta."

"Ƙofar nan taku har yanzu a jiƙe take?"

Na ce eh. Ya daɗe yana sosa gemu.

"Mamaci ba ya dawowa, ɗana. Wannan kowa ya sani. Amma in ka shimfiɗa tabarma ka tafi ka bar ta, wani zai zauna. Tsibirin nan ba mu kaɗai ba ne a kansa."

Da na ji maganarsa, da na zauna. Gajiya ce ta tashe ni.

Hanyar gari tana bin gaɓa. Teku a dama, dutse a hagu. Babu mota, babu mutum, sai ungulaye biyu a kan wani kifaffen kwale-kwale. Iska tana dukana ta gefe, yashi yana shiga haƙorana. Sama ta yi ja, jan ya fara komawa toka.

A daidai kwalbatin da rafi ke shiga teku, iskar ta ɗauke.

Ɗif. Wata uku rabon da in ji shiru irin wannan. Har ƙarar sifanu a cikin jaka nake ji.

Sai bayan babur ya lotsa.

A hankali ya lotsa, yadda yake yi in babban mutum ya ɗora ƙafa ya zauna. Injin ya canza murya. Na ji tayar baya tana cizon ƙasa.

Wari ya zo. Giris da taba, da shayin busasshen lemun tsami da Mu'ayyad ke sha safe da yamma. Hawaye suka zubo mini kafin tsoro ya iso. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wani warin, na laka, irin wadda teku ke bari in ya janye.

Hannuwa biyu suka kama ni a kwiɓi. Sanyinsu ya ratsa riga. Ruwa ya fara gangarowa ta gadon bayana.

Mu'ayyad bai taɓa zama a bayana ba. Ko zazzaɓi yake yi shi ke tuƙi. Yakan ce ranar da ƙarami ya ja shi, a haɗa masa likkafani.

Ban dubi madubi ba. Na tura shi da yatsa ya kalli sama.

"Ka kira," aka ce a kunnena. "Na zo."

Muryarsa ce. Har ɗan kaushin nan na sigari.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Na kai tsakiya ta kuɓuce mini. Na sake farawa. Ta sake kuɓucewa a wuri ɗaya.

Waya ta fara ruri a aljihun ƙirjina.

Ban saki kan babur ba. Hannu ɗaya ne ya bar kwiɓina, ya hauro ta ƙarƙashin hammatata, yana ɗiga. Ya shiga aljihun. Rurin ya tsaya.

"Wisam?" Muryar Yumma, ƙarama, daga cikin rigata. "Wisam, kana ji na? Wa ke numfashi kusa da kai haka?"

Na buɗe baki. Aka riga ni.

"Ni ne, Yumma," in ji abin da ke bayana. "Ina hanya."

"Mu'ayyad! Ɗan albarka, ka dawo? Ai na sani. Na zuba maka ruwa da hannuna, dole ka dawo mini."

Wayar ta mutu.

Sai kan babur ya fara karkata dama.

Na ja hagu. Ya ja dama. Taya ta bar kwalta, ta hau tsakuwa. Ƙasa da mu igiyar ruwa tana fashewa a kan duwatsu, fara fat, ba ƙara.

"Gida ta can yake," aka raɗa. "Ba ka gaji ba? Mu je tare."

Na gaji. Allah ya sani na gaji. Akwai ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido, da hannuna ya yi laushi.

Daga can cikin gari ladan ya ɗaga murya.

Riƙon ya sassauta. Kaɗan.

Na fizge kan babur da dukan ƙarfina, na ba shi wuta. Ban san yadda na wuce kasuwar kifi ba. Ban san yadda na shiga lungunmu ba. Nauyin yana nan har ƙofa. Na yar da babur ɗin yana kuka, na tsallake dokin ƙofa, na faɗi a tsakar gida.

Sun idar da salla, sun kewaye tire. Ina jin Ammu Shahata yana cewa, "Ustaz, ci a hankali, kifin nan ba zai koma teku ba."

"Kai dai ji da burodinka," in ji Ustaz. "Jiya na jefi akuya da shi, har yanzu tana ɗingishi."

Sai suka gan ni. Dariyar ta yanke. Ustaz ya haska bayana da tocila. Rigata sharkaf, ga shatin hannuwa biyu na laka a kwiɓina. Yatsun sun fi na mutum tsawo.

Ya mai da hasken ƙofa.

Babu kowa. Amma a kan dokin ƙofar, inda ruwan yake, akwai sawun ƙafa biyu, yatsu suna kallon cikin gida. Ruwa yana taruwa a cikinsu. Muna kallo, na dama ya matso gaba da faɗin yatsa.

Masu fenti suka shige ɗaki suka danna sakata. Ustaz ya fara karatu. Ammu Shahata ya shiga ɗakinmu da gudu, da tumbinsa da komai, ya fito da tulun Yumma ya danƙa mini.

"A garinmu," ya ce a kunnena, "baƙon da ba a son ya sake dawowa, tulu ake fasawa a bayansa. Da abin da ka kira shi za ka kore shi."

Na ɗaga tulun.

"Tsaya! A bayansa na ce. Sai ya juya."

"Yaya zan sa ya juya?"

"Gaya masa Mu'ayyad ɗin da yake kwaikwayo ba ya nan. Kai ne ba ka taɓa faɗa ba, ɗan nan. Kwana goma sha tara muna jin ka."

Sawun hagu ya matso.

"Wisam," aka kira daga ƙofa, a tausashe. "Matsa mini in shigo. Sanyi nake ji."

Tulun nan shi kaɗai ne abin hannun Yumma da nake da shi. A wuyansa akwai shatin babban yatsan Mu'ayyad na baƙin mai, wanda ban wanke ba.

Na ce, "Mu'ayyad ya mutu."

Na ƙara ɗaga murya.

"Ya mutu. Ni na wanke shi. Ni na ɗaure masa haɓa. Yana kwance bayan masallaci, ƙarƙashin duwatsu bakwai, ni na jera su. Ba zai dawo ba. Kai ba shi ba ne."

Wani dogon numfashi ya fito daga ƙofar, mai warin laka.

Sawun dama ya juya. Sannan na hagu. Dugadugai suka kalli gida.

Na rufe ido na maka tulun a dokin ƙofa.

Ƙarar fashewarsa da dawowar iska lokaci ɗaya suka zo. Ta banko ƙofa, ta kifar da tire, ta watsa shinkafa har cikin takalman Ustaz. Ammu Shahata ya zauna daɓas a ƙasa, ya rungume kaina, yana kuka yana zagina.

Da safe dokin ƙofa ya bushe ƙayau. Wata akuya tana tsaye a kai tana cin shinkafar jiya.

Na hau tudun da sabis ya fi kamawa, na kira Yumma. Na gaya mata komai, tun daga kwanon rufi. Ba ta yi ihu ba. Na daɗe ina jin fankar ɗakinta tana juyawa.

"To wa ya yi mini magana jiya?"

Na gaya mata wannan ma. Na ce ta nemi tulu, kowane iri, ta gaya masa abin da na gaya masa, ta fasa a bayansa.

"Wisam," ta ce. "Da asuba na buɗe ƙofa zan yi shara. Bakin ƙofata a jiƙe yake. Rabonmu da ruwan sama wata biyar."

"Yumma, kada ki buɗe da magariba. Don Allah. Ki fasa."

"Na ji."

"Ki rantse mini."

"Muryarsa ce fa, ɗana," ta ce a hankali. "Kai ka gan shi a kwance. Ni ban gani ba."

Tanuf ya ce saura kwana ashirin da wani abu iska ta faɗi, jirgin ruwan farko ya tashi zuwa Mukalla. Na sayar da babur. Kayana suna ɗaure a bayan ƙofa. Na roƙi mutanen gidan, ranar da zan fita kowa ya sa hannunsa a aljihu, kada wani ya zuba ruwa a bayana.

Kowace yamma, kafin rana ta taɓa dutse, ina kan tudun nan da waya a kunne. Ina riƙe ta da hira har ladanin unguwarsu ya gama. Muna zancen farashin tumatir, da ciwon gwiwarta, da 'yar maƙwabta da ta haihu. Ta ce ta sayi tulun. Yana nan ajiye a bayan ƙofa.

Jiya na tambaye ta ko ta fasa.

Ta ce, "Gobe."