Masu Sara wa Gwamna Ocheja

Shekara ashirin Sufeto Ocheja ya yi yana ƙamewa yana sara wa mutanen da yake ganin ya fi su, abin yana cin ransa. A gida kaɗai yake jin daɗi, inda 'ya'yansa uku ke jeruwa kowace safiya su sara masa cikin wasa. Ranar da aka sake tsallake shi a ƙarin girma, ko kaki bai cire ba ya hau kwalekwale zuwa bukkar wani dattijon matsafi a tsallaken kogi.

Rana tsaka ce, amma bukkar duhu ƙirin. Baƙar tukunya ce a tsakiya, gashin kaji ya manne mata da busasshen jini, ƙudaje sun rufe bakinta. Tsohon ya sa shi ya jefa hularsa ciki, ya tofa mata yawu sau uku.

"Jihar nan kaf za ta ƙame maka," in ji tsohon. "Ni kuma in riƙa ɗaukar rabona cikin masu sara maka."

"Mutum nawa, baba?"

"Ba a yi mini iyaka."

Ocheja ya tuna da dubban kurata, ya yi dariya ya ce a ɗiba. Wawan bai tambayi su wa za a ɗiba ba.

Cikin shekara shida ya zama kwamishinan 'yan sanda, ya ajiye kaki, ya ci zaɓen gwamna. Safiyar rantsuwa babban ɗansa ya sara masa, kafin azahar ya faɗi matacce. Wata uku bayan nan ƙaramin ya sara masa, shi ma ya bi yayansa. Matarsa Achenyo ta zautu, tana bin mutane tana ɗaure musu hannu da ɗankwali. Sai a lokacin ya gane. Ya koma tsallaken kogi da kuka, ya tarar da bukkar ta rushe.

Saura Ejura, 'yarsa. Ya tura ta wurin gwaggonta a nesa, ya hana ta zuwa, bai faɗa mata dalili ba. Ita kuwa ta ɗauka ya tsane ta, ta rasa yadda za ta faranta masa, sai ta shiga aikinsa na dā a ɓoye.

Ranar faretin yaye sababbin 'yan sanda, gwamna ne babban baƙo. Aka kira wadda ta zo ta ɗaya, ta fito tana taku, fuskarta cike da murna. Ya gane ta. Ya diro daga dandamali, babbar riga tana harɗe shi.

"Ejura, kar ki ɗaga hannun nan! Don Allah, 'yata!"

Ganguna suka danne muryarsa. Ta ƙame, ta sara.

Yau yana zaune a bakin kasuwarmu cikin tsumma, duk wanda ya ɗaga hannu zai gaishe shi sai ya kwanta yana ihu. Kai mai neman girma ta ƙofar tsafi, ka sani ba baƙi za a ɗiba ba. Daga ɗakinka za a fara.