Barewar Alhaji Wakili

An sauko daga sallar Juma'a ke nan, Sufeto Is'haƙa ya jawo kwanon furarsa, sai hayaniya ta cika ƙofar ofishin 'yan sanda na Sabon Birni. Matasa ne suka ingizo wani dattijon makiyayi mai suna Sodangi, riga a yage, hannun hagu yana reto. Wai ya sace barewar Alhaji Wakili.

Sufeton ya ture furar, ransa a ɓace. Ya san halin da ake ciki. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, in aka ɗora wa mutumin ruga sata, ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Tuni wasu suka fara cewa a je a cinna wa rugarsu wuta. Ya shigar da Sodangi ciki, ya aika a kira mai ɗori, ya tsayar da Saje Abdulrauf a bakin ƙofa.

"Baffa, mi ya kai ka bayan gidan Alhaji?"

"Harawa ni kai mata, yallaɓai, awa kowace Juma'a. Ni hwa na tsinto ta daji tana jaririya, na ba Alhaji kyauta. Na yi kira ba ta hito ba, ina juyawa anka hau ni da sanda."

Gidan Alhaji Wakili, tsohon falken wake, ya fi kama da gidan dabbobi. Tantabaru a bisa katanga, kunkuru a gindin randa, aku a zaure yana gaishe da kowa har da wanda bai yi sallama ba. Amma duk cikinsu babu kamar barewar, wadda ya sa wa suna Lele. Tun rasuwar matarsa, a ƙofar ɗakinsa take kwana, a farantinsa take cin abinci. Sufeton ya tarar da tsohon yana share hawaye da bakin rawani.

Ɗansa Ubaidullahi na tsaye a gefe, kuma shi ya fara magana ba a tambaye shi ba.

"Da idona ni gane shi, yallaɓai. Na makara masallaci, ni hange shi yana janta da igiya."

"Igiya?" in ji Alhaji, yana ɗago kai. "Lele ba ta yarda da igiya. Sau guda anka sa mata, saura kaɗan ta karya wuyanta."

Sufeto Is'haƙa ya zagaya ƙofar baya, ya tsuguna. Rairayi ne mai laushi. Da an ja dabba da ƙarfi, da ƙasar ta nuna turjiya. Maimakon haka, ga sawun barewa siriri, a jere da wani sawun mai faɗi, kamar masu tafiya biki.

"Alhaji, in za a gusa da ita, ƙaƙa a kai?"

"Sai da uwatta. Akuyar da tash shayar da ita. In anka ja akuyar, ko'ina Lele na biye."

"Wa ya san haka?"

"Mu 'yan gida. Ko Sodangi bai sani ba, daga ƙohwa yaka tsayawa."

Alhaji ya yi masa iso zuwa cikin gida. Akuyar, wata tsohuwar ja mai gemu, tana ɗaure a turke, sai kuka take tana fizgar igiya. Sufeton ya shafa ƙafafunta, ya janye hannu da sauri. Ƙarangiya ce ɗanya ta manne mata har gwiwa. Ya dubi tsakar gidan, a share tas, ko tsinken ciyawa babu.

Daga bayan labule Hadiyya, matar Ubaidullahi, ta amsa gaisuwarsa.

"Hajiya, akuyag ga tana hita kiwo?"

"Ba ta taɓa ba. Nan nika ba ta dusa."

"Yau hwa?"

"Ban ga kowa ya kwance ta ba. Ina madahi."

Sufeton ya lura murhun yana kallon turken, taku kaɗan ne tsakaninsu. Sai ga 'yarsu Sumayya, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta fito tana ɗingishi, cinyarta naɗe da tsumma.

"Mi ya same ta?"

"Hwaɗuwa tay yi bisa turmi."

Ya nemi izinin kakan, ya ɗaga tsumman a hankali. Huda biyu ne a jere, ɗaya har ta fara ruwa. Tausayin yarinyar ya kama shi.

"Ban taɓa ganin turmi mai ƙaho biyu ba, Hajiya."

Alhaji ya ƙura wa raunin ido, bakinsa a buɗe.

Sufeto Is'haƙa ya kwance akuyar da kansa, ya buɗe ƙofar baya. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta bi lungu da sassarfa, ta ratsa wani fili mai cike da ƙarangiya, su uku suna biye, Alhaji yana haki, Ubaidullahi yana jan ƙafa. Ta tsaya a ƙofar wata garka mai shinge kusa da gulbi, ta saki kuka. Daga ciki aka ji ƙaho yana bugun kwanon ƙofa.

"Garkata ce," in ji Alhaji a hankali.

"Wa ad da mabuɗin?"

Ubaidullahi ya sa hannu aljihu, ya miƙa. Lele na ciki lafiya lau, ga ruwa a daro, ga dusa. Ta wuce kowa ta cusa kai a jikin akuyar.

"Ni na kawo ta," in ji Ubaidullahi. "Za ni kai ta garin Isa gobe, wurin wani abokina. Baba, ta girma. Ƙahonta ya yi tsini. Shekaranjiya tas soki Sumayya don ta kusanci hwarantinka."

"Mi ya hana ku hwaɗa min?"

"Mun hwaɗa maka lokacin da tak kada Hadiyya. Kac ce wasa takai, ka daina gaisawa da mu har mako ya zagayo."

Tsohon bai musa ba.

"Ɗaukar barewa tsakaninka da mahaihinka na," in ji Sufeton. "Sodangi hwa?"

"Da Baba yad dawo yana kuka, wani yac ce ya ga Bahillace bayan gida. Duk anka juyo ana kallona. Sai ni ce ni ma na gane shi. Ban zaci za su taɓa shi ba."

"Kana tsaye anka karya mai hannu?"

Ubaidullahi ya sunkuyar da kai. Sufeton ya ciro ankwa.

Da suka isa ofis, taron ya ƙaru. Alhaji Wakili bai jira kowa ba, ya tsaya a gabansu ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Masu ihun ƙona ruga suka fara sulalewa, amma Saje Abdulrauf ya riga ya gane fuskokin masu sandunan, ya ce su dakata tukuna.

Aka fito da Sodangi, hannu a ɗaure da karan ɗori. Aka wuce da Ubaidullahi ta gabansa zuwa ɗakin da makiyayin ya fito, ya kasa haɗa ido da shi.

Alhaji ya durƙusa a gaban makiyayin, bai damu da ƙurar da ta ɓata masa riga ba.

"Ka yahe mamu, Sodangi. Ka ɗauki Lele ka maida ta daji."

"Ba ta iya daji yanzu, Alhaji. Mun saba mata da mutane. Maharbin hwarko da tag gani, wurinshi za ta, tana neman dusa. A yi mata shinge nesa da ɗiyan, shi ke nan."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, ya gyara karyayyen hannun a ƙirjinsa.

"Harawar na nan bayan gidanka, inda anka kada ni. A ɗauka a ba ta, kada awakin unguwa su cinye."